Mai Gindin Igiya

Saƙo na huɗu ke nan da ƙanwarta ta turo tun safe, kuma duk maganar ɗaya ce: "Yaya, ƙarfe shida suke rufe ofis. In ba za ki karɓe shi ba ki faɗa mini, in je in sa hannu."

Mai Taswira ta karanta, ta ja tsaki, ta kife wayar a kan tebur. Haka kowa yake kiranta, a wurin aiki da cikin unguwa, domin shekara goma sha shida ke nan tana zana taswirar filaye da tituna a ofishin safiyo, kuma ba a taɓa dawo mata da takarda an ce layi ya karkace ba. Wanda ake maganar karɓa kuwa mahaifinta ne. Mako uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ranar Litinin asibiti za su sallame shi, kuma ba zai iya komawa bakin teku ya zauna shi kaɗai ba. Auta, ƙanwar tata, a hawa na huɗu take, ɗaki ɗaya da falo, ga miji ga 'yan biyu, ga matakala da ko mai lafiya sai ya huta sau biyu. Saura gidan Mai Taswira, wanda yake ƙasa, kuma yake da ɗakin da ba mai kwana a ciki. In ta ƙi, sai gidan kula da tsofaffi da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda suka ce a sa hannu yau ko a ba wani gadon.

A ranta kuwa ta riga ta ƙi tuntuni. Furtawa ce kawai ba ta yi ba.

Wannan ɗakin da ba mai kwana a ciki, shi ne ɗakin wasa. Kada ka ji wasa ka ɗauka na yara ne, domin mafi ƙuruciya a cikinsu ta ba arba'in baya. Wasan labari ne da ake yi a kan tebur duk ranar Asabar da rana. Kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, da takardar da ke nuna ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke cikin jakarsa. Mutum ɗaya ke jan labarin, ya ce ga inda kuke, ga abin da ya taso muku, me za ku yi? Ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. In ya ba da babbar lamba ka dace, in ya ba da ƙarama ka sha ƙasa. Mai Taswira ce ke jan labari, shekara shida ke nan, kuma a teburinta ba a saba yi mata gardama ba.

Labarin yau ba daga kanta ta ƙago shi ba.

Tana da shekara tara abin ya faru. Da hantsi ne, ana jan taru, wato doguwar ragar nan da jirgi ke kai wa cikin teku ya zagayo da ita, a bar igiya biyu a tudu, mutane su jeru a kowace suna ja. Mahaifinta ne mai gindin igiyar hagu, na ƙarshe a layi, wanda ke naɗa igiyar a ƙugu. Sai ga 'yan fashi sun gangaro da mota, da adduna, sun zo kwasar injinan jirage. Mutanen layin hagu suka watse kamar an watsa wa kaji ruwa. Baffanta, ƙanin mahaifin, yana wajen injin, ya hana, suka hau shi da sara. Ita tana ƙarƙashin wani kifaffen jirgi tana leƙe. Da kunnenta ta ji Baffa yana kiran "Yaya! Yaya!" har muryarsa ta dushe. Mahaifinta ko waiwaye bai yi ba. Ya kafa dugadugansa a yashi, ya ba su baya, yana riƙe da igiyarsa. Saboda kifi!

A shekarar uwarta, wadda dama 'yar birni ce kuma ba ta taɓa shiri da ƙarnin kifi ba, ta kwashe su ta dawo gida. Har ta koma ga Allah ba ta fasa faɗa ba: mutumin da ya zaɓi kifi ya bar ɗan'uwansa, me zai hana shi barin mata da 'ya'ya? Mai Taswira ta girma da wannan magana a bakinta. Tana aika masa da kayan sawa, tana gaishe shi ta waya sau biyu a shekara, amma ta zauna da shi a gida ɗaya, ta juya shi a gado, ta ba shi abinci a baki? Allah ya kiyaye.

Don haka tun ranar da aka fara zancen ɗakin ta zauna ta zana wannan gaɓar, tsaf, a kan babbar takarda. Ga duwatsu, ga jirage, ga hanyar da mota ta biyo, ga taru ya yi baka a cikin shuɗin ruwa. So take ta ɗora mutanen kirki a kan igiyar nan ta gani da idonta ko akwai mai hankalin da zai ci gaba da riƙewa. Ba ta kira wannan neman hujja ba. Cewa ta yi sabon babi ne na wasa.

Mai Magani ne ya fara isowa, maƙwabcinsu mai kantin magani, mutumin da ko kyankyaso ba ya iya kashewa amma a cikin wasa jarumi ne mai takobi biyu. Sai Tela, da tef ɗin awo rataye a wuya domin daga shago take, wadda ke wasa a matsayin ɓarauniya kuma take jin daɗin hakan fiye da kima. Malam, maigidan Mai Taswira, ya shigo da shayi da biskit. Shi mawaƙi ne a labarin, kuma kamar yadda yake a gida, ya fi son a rabu lafiya.

"Mai Aski ba zai zo ba," in ji Malam. "Wai shagonsa ya cika. Kujerarsa fa?"

Duk suka dubi lungun ɗakin. Baffa yana zaune a kan katifar da aka shimfiɗa masa, yana latsa ƙaramar rediyonsa. Jiya ya iso daga bakin teku don duba yayansa, kuma a nan ya kwana, kansa a gindin teburin. Tsoho ne siriri, hannunsa na hagu a lanƙwashe tun daga gwiwar hannu, ba ya miƙuwa.

"Baffa, zo ka cike mana gurbi mana," in ji Malam.

"Ni? Me na sani a wasanku na masu karatu?"

"Ba karatu a ciki, Baffa," Tela ta ce. "Ƙarya ce kawai ake shirgawa cikin tsari. Ni ma da haka na ƙware."

 Mai Taswira ba ta shirya wannan da Baffa a wurin ba. Amma da ta sake tunani sai ta ga ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wa ya fi shi sanin zafin abin? Shi aka sara. In akwai mai shaidar da za ta kafa, ga shi Allah ya kawo mata har gida.

"Zauna, Baffa," ta ce. "Kai ne maƙeri. Duk cikinsu ka fi ƙarfi."

Baffa ya ja kujera, ya sunkuya a kan taswirar, ya daɗe yana kallo. Ita kuwa ta gyara zama tana jiran yabo.

"Wa ya ajiye jiragen nan haka?"

"Me ya same su?"

"Hancinsu na kallon tudu. In ruwa ya taso da gaggawa sai an tsaya juya su? Hanci teku yake kallo."

Mai Magani ya ƙunshe dariya. Mai Taswira ta haɗe rai. "Wasa ne, Baffa."

"To. Ai na ga kin sa har da ma'auni a gefe, shi ya sa na ɗauka da gaske ne."

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta buɗe littafinta, ta gyara murya. In tana jan labari muryarta kan canza, ta yi ƙasa ta yi kauri, kuma ko Tela mai surutu takan yi tsit.

"Kwana uku kuna tafiya a ƙasa, guzurinku ya ƙare. Da hantsi kuka gangaro wata gaɓar teku. Masunta na jan taru, kuma layin hagu ba su da yawa. Shugabansu ya ce in kun kama musu za ku ci ku ƙoshi."

"Muna kamawa," in ji Mai Magani.

"Ni ina kamawa da hannu ɗaya," Tela ta ce, "ɗayan yana duba aljihun na gabana."

"Masunci ba ya shiga aiki da aljihu," in ji Baffa. "Sai dai ki samo ƙaiƙayi."

Aka yi dariya. Mai Taswira ta jera 'yan gumakan roba huɗu a kan layin hagu, ta sa maƙeri a ƙarshe, domin ƙa'ida ce mafi ƙarfi shi ke riƙe gindi. Aka jefa ɗan ludo don ja. Malam ya sami uku, ya zame ya faɗi a yashi, Tela ta ce ko a labari ma ba ya iya aikin ƙarfi. Baffa ya ɗauki abin yana jujjuya shi a tafin hannunsa, ya jefa, ya sami goma sha bakwai, ya yi murmushi kamar shi ya ƙera shi.

"Tarun ya iso ina yanzu?" ya tambaya.

"Ya kusa. Kamar taku talatin daga tudu."

Ya gyaɗa kai. "To, an zo wurin aiki."

Wayar da ke kife ta yi ƙara. Ba ta ɗaga ba. Agogon bango ya nuna huɗu da rabi.

"Kuna cikin ja," ta ci gaba, "sai kuka ji rugugi daga hanya. Mahaya takwas, fuskokinsu a rufe, da adduna. Ba ta kanku suke ba, wajen jirage suka nufa, inda kayan aiki suke. Masuntan da ke layinku suka saki igiya suka ranta a na kare. Saura ku huɗu. Akwai saurayi ɗaya a wajen jiragen, ya tare su. Sun kayar da shi. Sun fara sara. Yana kira, yana neman taimako."

Ba ta dubi Baffa ba, amma ta ji lokacin da ya ajiye kofin shayinsa. Malam, wanda ya san labarin tun kafin aurensu, ya ɗago ya yi mata wani kallo. Ta yi burus da shi.

"Me za ku yi?"

"Wannan ma tambaya ce?" Mai Magani ya miƙe tsaye, har yana ture kujera. "Na saki igiya, na zare takubbana!" Ya jefa, sha takwas. Ya daki tebur.

"Na saki," in ji Tela. "Zan zagaya ta bayan duwatsu in yanke linzamin dawakinsu."

"Malam?"

Malam ya sosa ƙeya. Ya dubi Baffa, ya dubi matarsa, ya auna wanda zai kwana da shi a gida. "Na saki," ya ce a hankali.

Wani daɗi mai ɗaci ya ratsa ta. Uku cikin uku, ko numfashi ba su tsaya ja ba. Mai sayar da magani, da tela, da malamin makaranta, waɗanda ba su haɗa komai da saurayin ba, sun san abin da ya kamata. Mahaifinta kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke da wanda aka sara!

"Baffa, saura kai. Kai ne mai gindin igiya."

"Ina riƙe."

Ta ɗauka bai gane ba ne. "Baffa, saran mutum ake yi. Yana kira."

"Na ji. Ina riƙe."

"Kai ka fi kowa ƙarfi! In ka je, da guduma ɗaya za ka..."

"Na ce ina riƙe. Ba ni abin nan in jefa."

"Haba, Baffa!" in ji Mai Magani. "A kan kifi? A bar kifin ya tafi mana, gobe ma rana ce. Ran mutum fa ake magana."

Baffa ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Wane kifi?"

"To, abin da ke cikin ragar..."

"Kai, ɗan nan, rufe mini baki! Kun kashe mutum huɗu, kana tsaye kana ɗaga hanci kana ce mini ran mutum?"

 Tela ta mayar da biskit ɗin da ta ɗauka.

"Ba wanda ya mutu, Baffa," Mai Taswira ta ce, tana danne fushinta. "Ni ke jan labarin. In wani ya mutu ni zan faɗa."

"Ke ke jan labari, amma ba ke ke jan taru ba. Ina mutanen ruwa?"

"Waɗanne mutanen ruwa?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi ina teku take. "Da bakinki kika ce taku talatin. Tun ɗazu nake jira ki jera su, na ɗauka gumakan ne suka ƙare miki. Taru ya taɓa zuwa taku talatin ba mutane a ciki? Wa zai taka dalmar da ke ƙasan raga? Kifin ya tsaya yana jiranku don kunya?"

"Ba kowa a ruwa," ta ce. "Ni na zana. Ina wurin. Na gani."

Ta faɗa kafin ta ankara. Mai Magani da Tela suka dubi juna, sai yanzu suka gane cewa ba wasa suka zo yi ba.

"Na san kina wurin," in ji Baffa. "Tun da kika ce adduna na gane gaɓar. Daga ƙarƙashin jirgi kika gani, kwance a kan ciki. Me ake gani daga can? Ƙafafu da yashi. Raƙuman ruwa a ranar sun fi tsayin ƙofar nan. Ke, Tela, ba ni igiyar wuyanki. Da wani ƙyalle."

Tela ta miƙa masa tef ɗin awo ba musu, ta zaro wani ƙyalle daga jakarta, har da maɓallai da ya nuna da haɓa. Da hannu ɗaya yake aikin, yana taimakawa da haƙori. Ya shimfiɗa ƙyallen ya yi baka a kan shuɗin taswirar, ya ɗaura tef ɗin a gefensa na hagu, ya ba Malam gefen dama ya riƙe. Sannan ya jera maɓallai huɗu a cikin bakan.

"In taru ya kusa tudu, ƙasansa kan ɗaga, kifi ya bi ta nan ya fice. Sai mutum huɗu su shiga, ruwa iya ƙirji, su taka dalmar da ke ƙasa da ƙafa, su ɗaga saman da hannu. A cikin raga suke, kun gane? A ciki. Ruwan gaɓar nan kuwa daga hagu yake turowa. Muddin igiyar hagu na miƙe, raga na tsaye." Ya ja tef ɗin ya miƙe. "To, jarumi mai takobi biyu, ga abin da ka yi."

Ya saki, ya tura gefen ƙyallen da yatsa yadda ruwa zai tura shi. Ƙyallen ya naɗo, ya lulluɓe maɓallan, ya dunƙule su wuri ɗaya.

"Raga da dalma da kifi ya kai nauyin mota. In ta naɗe ka a cikin ruwa, ko wuƙa ce a hannunka ba ka fita. Na taɓa ganin an fito da mutum biyu haka ina yaro. Shi ya sa ake naɗa wa na ƙarshe igiya a ƙugu. Kowa na iya gudu, ban da shi."

Mai Taswira ta zuba wa dunƙulen ƙyallen ido.  Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Su wa ke ciki?"

"Dogo da ɗansa. Da Na-Tsakiya. Da Kurma, wanda bai ma san an yi fashi ba sai da ya fito ya ga jini. Aikin mutum goma sha biyu ubanki ya riƙe shi kaɗai, har na layin dama suka zagayo. Igiya ta ci namansa ta kai ga ƙashi, haƙarƙari biyu suka karye. Ba ki ga ƙugunsa a asibiti ba?"

Ba ta gani ba. Sau ɗaya ta je, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ajiye lemo ta fito.

"Dakata," Baffa ya ce a hankali, yana ƙare mata kallo. "Dakata tukuna. Ke duk shekarun nan me kika ɗauka ya riƙe?"

 Malam ya sunkuyar da kai.

"Kifi?" Muryarsa ta tashi. "Kifi? Yayana? Shi ya sa ƙanwarki take kuka a barandar asibiti jiya tana zancen gidan tsofaffi? Na ɗauka ɗaki ne ba ku da shi! Na kwana a ƙarƙashin teburin nan ina cewa wayyo, ashe 'yata matsi take ciki!"

Nan fa nata fushin ya ɓalle, wanda ya daɗe yana neman ƙofa. Ta miƙe.

"To wa ya faɗa mini? Shekara talatin da uku! Wa ya buɗe baki? Ina da shekara tara, Baffa! Na ji kana kiransa, na ga bai juyo ba. Inna ta faɗi nata, ba wanda ya ce mata ba haka ba ne. Shi da kansa, ina 'yar sha biyar na tambaye shi, ya tashi ya bar mini wurin. Ku duka kun sani, kuka zuba mini ido ina ƙin ubana!"

"Wa zai zauna ya koya wa 'yar masunci cewa akwai mutane a cikin taru? Ko jaririn gaɓar nan ya sani! Uwarki kuwa, Allah ya jiƙanta, shekara goma ta yi da mu ba ta taɓa gangarowa bakin ruwa ba, wai yashi na ɓata mata takalmi."

"Shi fa? Bakinsa ciwo yake yi?"

 Baffa ya koma ya zauna. Ya kama lanƙwasasshen hannunsa ya ɗora a cinya, kamar yadda ake ɗaukar kayan wani.

"Ba zai faɗa ba," ya ce. "In ya faɗa, ni zai tona."



"Ni na san su Dogo na ciki. Ni na raka su har bakin ruwa da safen. Na sani sarai in ya saki sun mutu. Amma da ƙarfe ya shiga jikina, sai na kira shi. Ba sau ɗaya ba. Na yi ta kira ina so ya saki." Ya goge fuska da tafin hannu. "A wajenmu ba abin kunyar da ya kai wannan. Duk gaɓar sun ji, kuma ba wanda ya taɓa tayar mini da zancen, saboda shi ya hana. Ya ce duk wanda ya ambaci ranar nan ya bar jirginsa. Shekara biyu yana ba ni abinci a baki kafin hannun dama ya dawo. Bai taɓa ce mini don me ka kira ni ba."

Mai Magani ya jawo kujerarsa ya zauna a hankali, ya tura ɗan ludon gefe. Tela tana share ido da bakin mayafinta, tana faɗin wai shayin ne ya yi zafi.

Mai Taswira ta tsaya a kan taswirarta. Kowane dutse yana inda yake, kowane taku ta auna shi. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa, ga haushi da ba ta san inda za ta sauke shi ba. Ta ji haushin uwarta da ke kabari, da Baffa, da mutanen gaɓar da ke ganin abin da suka sani kowa ma ya sani, da tsohon da ya gwammace 'yarsa ta ƙi shi da a ce ƙaninsa ya ji kunya. Ta fi jin haushin kanta, ita da ba ta yarda da awon kowa a ofis sai ta je fili da ƙafarta.

Agogo ya nuna biyar da minti ashirin. Ta fizgi wayar.

Auta ta ɗauka a bugu na farko. Ana jin ƙarar titi a bayanta.

"Ina cikin tasi, Yaya. Na gaji da jira."

"Kar ki sa hannu."

"Me?"

"Na ce kar ki sa hannu. Nan zai zo."

 Da Auta ta yi magana, ba godiya ce ta fito ba.

"Sai yanzu? Mako uku ina binki kamar mai roƙo! Na riga na faɗa masa, Yaya. Da rana na faɗa masa, don kar a kai shi wurin ranar Litinin ya ga kamar an yaudare shi."

 Mai Taswira ta dafa tebur. "Me kika ce masa?"

"Gaskiya. Na ce ba kya so."

"Shi me ya ce?"

"Kin san yadda maganarsa ta koma, sai da na kai kunne bakinsa. Ya daɗe kafin ya haɗa ta." Muryar Auta ta karye. "Ya ce in ƙyale ki, kar in ga laifinki. Wai duk gidanmu ke kaɗai ce kika ji kiran nan tare da shi. Ni ban ma gane wane kira yake nufi ba."

Mai Taswira ta toshe baki da hannu. Ta daɗe a haka, Auta na ta faɗin "Yaya? Yaya, kina ji na?"

"Ki ce wa direban ya juya," ta ce da ƙyar. "Ki jira ni a ƙofar asibiti. Kar ki shiga wurinsa sai na zo, ni zan faɗa masa da bakina."

Ta ajiye wayar ta nufi ƙofa, da silifas ɗin cikin gida a ƙafarta. Malam ya bi ta da jaka da makullin mota. Baffa ya dafa tebur ya miƙe, yana laluben hularsa.

"Ku jira ni," ya ce. "Ni ma akwai maganar da zan yi masa."